Ƙwaryar Gwaggo Tsakanin Naira da Sefa

Saura ƙiris in fasa ba da wannan labari. Maiɗakina ta ce in bar shi, wai wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya bukatar hayaniyarmu, kuma mutumin da nake jin haushi taubashina ne, ɗan marigayiyar na fari, wanda muka tashi muna cin tuwo akushi ɗaya. Na ce mata to. Na yi kwanaki ina cewa to. Amma duk lokacin da na zauna a tashar Magariya wani ya zo ya kama hannuna ya ce, "Ashe Gwaggo lokaci ya yi, ya haƙuri?" sai in ji abin ya dawo min sabo. Ni mutum ne mai son wasa, kowa ya sani. Ko jandarma ya tare ni a hanya sai na sa shi dariya kafin in wuce. To, wannan karon wasan ya ƙi zuwa. Ku yi haƙuri da ni.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A wani ƙauye kusa da Guci ta yi aure, can ta tsufa, can muka binne ta. Mutane sun zo, ba laifi. Daga Dungas, daga Waca, daga nan Magariya, har da na ƙetaren iyaka. Kowa kuma ya faɗi nasa. Matan kasuwar Guci suka ce man gyaɗarta ba ta taɓa haɗa shi da komai ba. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda suka daɗe suna zama rumfa ɗaya, ta yi ta kuka tana cewa yanzu da wa za ta yi faɗa ran kasuwa. Ɗan canjin kasuwar, shi ma ya tsufa, ya zauna kusa da ni ya ce, "Tsohuwar nan ta wahalshe ni, wallahi, Allah ya jiƙanta." Liman ya ce mace ce mai haƙuri. Daga nan kowa ya kama: mai haƙuri, mai haƙuri.

Mai haƙuri? Gwaggo? Ashe ba ku san ta ba. Matar da in ka ɓata mata rai a zaure za ta biyo ka har bakin rijiya ta ƙarasa maganar?

Abin da ba wanda ya ambata shi ne ƙwaryarta. Ba kuma wanda ya ambaci cewa ranar sadakar uku, Baffa, autan ɗakinsu, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka sha nono ɗaya da ita, ya tashi daga tabarma ya sa takalminsa ya tafi bai ci abinci ba. Tun yana saurayi ya ƙetara Najeriya, wajen Maigatari. Can ya yi gida, can ƴaƴansa da jikokinsa suke. Rabin danginmu kenan. In Baffa bai dawo ba, su ma sun tafi. Abin da ke ci min rai kenan, shi ya sa kuma zan faɗa.

Wanda bai tashi a bakin iyaka ba, ba zai gane yadda muke rayuwa da kuɗi iri biyu ba. Gwaggo ƙulli biyu take yi a bakin zanenta, na dama sefa, na hagu naira. Ka sayi ƙuli-ƙuli da wannan, ta ba ka canji da wancan, lissafin kuma yana kanta kafin ka gama lalube aljihu. Ta ce ita ta iske kakarta da tukunyar wuri a ƙarƙashin gado, wurin da aka taɓa sayen shanu da shi, ya koma abin wasan yara da adon goran Filani. Ta ga zamanin da maza ke kai gyaɗa kudu su karɓo sule da fam, su dawo su nemi dala, ƴar sefa biyar ɗin nan, don biyan lanho, harajin nan na kai da ba a karɓarsa sai da kuɗin wannan gefe. Ta riƙe kwabo mai huji, har tana cewa shi kaɗai ne kuɗi mai gaskiya, don ya nuna maka tun farko cewa cikinsa ba komai.

Ni direban kamyo ne, babbar motar kaya, yawo ya kai ni Kwatano, ya kai ni Gana, ya kai ni Kamaru, ya kai ni har bayan Agadas. Duk ƙasar da na je sai na kawo mata kuɗinsu guda ta gani. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Sarkin yawo, wannan kuma yaushe zai mutu?" In ce, "Gwaggo, ai yanzu aka haife shi." Ta ce, "Haka suke cewa duka."

Yanzu maganar ƙwarya.

Lokacin da naira ta fito, ta kori fam da sule, ai sarauniya ce. Yaran yanzu ba za su yarda ba. Da ƴan naira ƙalilan, waɗanda ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ake karɓar jaka guda, wato sefa dubu. Wanda ya zo daga kudu da naira a aljihu, tafiyarsa ma daban ce. Baffa kuwa a lokacin kasuwa ta buɗe masa, yana sayar da yadi, ya sayi farar mota mai buɗaɗɗen baya. In ya shigo ƙauye kaji ma sun san ya zo.

Gwaggo ta haifi ɗanta na ƙarshe, aka zo suna. Wannan labarin na ji shi daga bakinta, na ji shi daga bakin Baffa, kowa da irin gishirin da yake sawa, amma ƙashin labarin ɗaya ne. Baffa ya zo da naira sababbi ƙal, maroƙi ya gan shi ya gyara murya, don ya san yau zai faɗi gudummawar da za a ji har ƙauyen gaba. Mahaifina kuwa, wan Baffa, manomi ne, ƴan dalolin da ya zo da su suna cikin tafin hannunsa, sun jiƙe da zufa. Ya ga abin da ke shirin faruwa, sai ya fara ja da baya yana zagawa bayan rumbu, kamar mai duba ko gara ta shiga.

Gwaggo ta hango shi ta kan danga. Mace mai jego fa. Ta fito da ƙwarya an rufe da faifai, ta tsaya bakin zaure inda mata ba sa tsayawa, ta ce wa maroƙi ya rufe bakinsa. Ta ce duk mai gudummawa ya ɗaga gefen faifai ya sa hannu ya saki, ba mai gani, ba mai faɗa.

Baffa ya ce, "Yaya, kuɗin nawa na sata ne da zan ɓoye su?"

Ta ce, "Ba na sata ba ne, Auta. Ƙara gare su. Jaririna na barci."

"To in ba a faɗa ba, wa zai san na yi?"

"Ni. Ban ishe ka ba?"

Ya sa hannu ya saki, ya shiga motarsa ya tafi ko naman suna bai jira ba. Mahaifina ya fito daga bayan rumbu, ya sa nasa hannun a inda ƙanensa ya sa, ya koma tabarma ya zauna kamar kowa. Maroƙi ya yi ta ƙunƙuni wai an kashe masa kasuwa. Ta aika masa da ƙuli-ƙuli cikin kwano, ta ce ya tauna, bakinsa ya samu aikin yi.

Tun daga ranar, duk sha'anin da ya tara danginmu, suna ne, aure ne, rasuwa ce, ƙwaryar Gwaggo ce ke karɓa. Mata sun yi ta mita, don kun san yadda biki yake, sai ka san abin da aka kawo maka kafin ka san abin da za ka mayar. Ta ce a yi wannan da maƙwabta da ƙawaye, amma ba tsakanin na nan da na ƙetare ba, tun da ba mu muke sa wa kuɗin farashi ba. In an watse ta shiga ɗaki ita kaɗai ta ware, ran kasuwa ta tafi wajen ɗan canji ta hana shi sakat har ya ba ta farashin da take so. Abin da ya sa ya ce ta wahalshe shi kenan.

Baffa ya daɗe bai tako ba. Sai shekarar tamanin da huɗu. Wanda ya gan ta ba ya son tuna ta. Can kudu aka wayi gari an sauya launin naira, aka ba da ƴan kwanaki a kai tsofaffi, aka kuma rufe iyaka ruf. Mu na wannan gefe da ke riƙe da ita fa? Wa ya tuna da mu? Ƙullin hagu na Gwaggo, ribar gyaɗar shekara, ya mutu a zanenta tana ji tana gani. Ta kwance shi a tsakar gida ta ce, "Jiya kuɗi, yau takarda. Ko zazzaɓi ba su yi ba." Ga shi kuma damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Muna samari a lokacin, ni da taubashina, mun san ɗanɗanon ganyen da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Rannan da azahar tsaka, rana na dukan ƙasa, lokacin da masu gadin iyaka ke neman inuwa, sai ga Baffa ta hanyar daji. Ba mota. Jakuna ya koro, da ƙafarsa, mutumin da ya saba da kujera mai laushi. Buhunan garin rogo da masara. Ƙafafunsa sun fashe. Ya sauke a bayan ɗakin Gwaggo, ya jawo tsohuwar tabarma ya rufe buhunan, sannan ya yi sallama.

Ya ce, "Yaya, na rufe. Kin gani? Ba ƙara."

Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa, ta ce, "Ka rame, Auta. Ka fi kyau." Sannan ta juya ta shiga ɗaki, muka ji tana fyace hanci.

Bai yi sau ɗaya ba. Ya yi ta zuwa har Allah ya kawo wata daminar. Garin nan shi ya tsayar da mu. Ni na sha, taubashina ya sha, har rigima muke a kan wa zai lashe ƙwarya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan nan naira ta fara zamewa, kaɗan kaɗan, kamar wando ba tazuge. Mu na sefa muka fara ɗaga kafaɗa. Sai casa'in da huɗu ta zo ta mare mu. Ina Kwatano da kamyo, na je sayen taya, mai shago ya ce farashin jiya ya tafi da jiya. Wai an taru can wani babban birni an raba darajar sefa biyu. Jaka tana nan jaka a rubuce, amma a gaban kuɗin Faransa da aka jingine ta a jikinsa, rabinta ya tafi. Magani ya tashi, sukari ya tashi, ga azumi na ƙaratowa. Ƴaƴan Baffa suka samu abin tsokana, in sun zo sai su ce, "Ina masu rabin kuɗi?"

Da na dawo Gwaggo ta zaunar da ni. Ba wasa a fuskarta.

Ta ce, "Sarkin yawo, kai da ka zaga duniya. Mutumin nan da ke rage kuɗi yana ƙarawa, ka taɓa ganinsa?"

Na ce, "Gwaggo, ba mutum ɗaya ba ne. Manya ne a biro, can cikin ofis."

"Suna da gwaggo?"

"Wataƙila."

"To ba sa zuwa gaishe ta. Da suna zuwa, da ta faɗa musu."

Na yi dariya a lokacin. Yanzu ba na yi. Na ga Gana sun yanke wa kuɗinsu sifili kamar ana yanke farce. Na ga sefar Kamaru, mai suna ɗaya da tamu, ana yi mata kallon baƙuwa a nan. Na ga kuɗin Faransa kansa, wanda aka ce shi ne bangon da sefa ta jingina, an wayi gari babu shi, an kawo yuro. Da na ba Gwaggo wannan labari ta riƙe haɓa ta ce, "Bango ya tafi, mai jingina bai faɗi ba? Lalle akwai mai riƙe da shi ta baya." A duk yawon nan ban taɓa haɗuwa da mutum ɗaya ba da ya ce, ni ne na yi, ku yafe min. Ko ɗaya. Su sa hannu a takarda su tafi cin abincin rana, tsohuwa a Guci ta kwance zane ta iske wahalarta ta ragu da rabi. Kuma a ce mata mai haƙuri. Ina ta ga wanda za ta yi wa faɗan?

Naira kuwa ba ta sake miƙewa ba. Ta yi ta gangarawa har muka kai yau, da sai ka tara naira dubu biyu da ɗoriya kafin a ba ka jaka guda. Kasuwar yadi ta mutu a hannun Baffa. Motar ta daɗe da zama wurin kwanan kaji. Ya koma zuwa a motar haya, a matse shi a baya da buhuna, a sauke shi a bakin hanya ya ƙarasa da sanda. Amma bai taɓa fashin sha'ani ba, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba. Sai dai abin da yake kawowa kullum ƙara kauri yake, yana ƙara rashin nauyi. Ƙunshi guda, an ɗaure da roba.

Nan ne Gwaggo ta yi abin da ban manta ba. A wani aure, Baffa ya sa ƙunshinsa, sai faifan ya ɗaga, ya ƙi zama daidai. Kowa na iya ganin an sa abu mai kauri, kowa kuma ya san wace ƙasa ce ke da kuɗi mai kauri. Ta ɗora hannunta a kai ta danne har aka gama. Sha'ani na gaba sai ga ta da wata ƙwarya, babba, mai zurfi, irin wadda ake dama furar masu noma.

Na ce, "Gwaggo, ina tsohuwar?"

Ta ce, "Ta fashe."

Na ce, "Wadda na gani an jiƙa tsamiya a ciki, ƙanwarta ce?"

Ta ce, "Kai dai bakinka ya fi motarka gudu. Tashi ka ba ni wuri."

Ƙwaryar da aka fara don kada ɗan'uwa mai dala ya ji kunya a gaban mai naira, ita ce ta juyo tana rufa wa mai naira asiri. Hannun da ya riƙe ta bai canja ba. Ko a ƴan shekarun nan da aka sake sauya naira, mutane suka kwana a layi can kudu suna neman kuɗinsu, aka kuma sake rufe iyaka, Baffa ya biyo tsohuwar hanyar jakuna a bayan babur ya zo duba ta. Ta riga ta kwanta ciwo. Ta ce masa, "Auta, har yanzu kana satar hanya?" Ya ce, "Yaya, ke kika koya min ɓoyo."

To, ranar sadakar uku.

Taubashina ɗan kasuwa ne yanzu, babba. Kaya yake saye a kudu ya sayar a nan, don haka duk faɗuwar da naira ta yi, shi tashi yake. Ba na yi masa hassada, Allah ya ƙara. Shi ya ɗauki nauyin zaman makoki, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Sai ya sa aka ajiye faranti a gabansa a ƙofar gida, buɗe, ga wayarsa a hannu. Duk wanda ya kawo abin sadaka ya ajiye a faranti, shi kuma ya duba.

Baffa ya matso da sandarsa. Daga baya na ji tunkiyarsa ya sayar, ita kaɗai ta rage masa. Ya duba dama, ya duba hagu. Na san abin da yake nema. Bai gani ba. Ya ciro ƙunshin daga aljihun babbar riga ya ajiye a faranti, a gaban jama'a, a karo na farko tun ranar sunan nan.

Taubashina ya ɗaga ƙunshin yana jinjinawa, ya latsa waya ya ga farashin ranar, ya ce da ƙarfi, yana murmushi, "Kai, Kawu! Wannan uban kaya haka, na ɗauka gona za ka saya mana. Ashe ko buhun shinkafa ba zai kai ba. Nan gaba ka taho da amalanke."

Wasu samari suka yi dariya. Ba duka ba, amma an yi.

Baffa ya zauna a bakin tabarma. Ya ɗaga hannu ya yi wa yayarsa addu'a, doguwa, muka shafa. Ya jawo takalminsa ya sa. Aka ce, "Baffa, ga abinci nan tafe." Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya kama hanya. Ɗansa da ya rako shi ya tashi ya bi shi, sauran na ƙetare suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na bi su har bakin hanya ina magana, Baffa ya dafa kafaɗata kawai ya shiga mota.

Na dawo na ja taubashina bayan rumbu. Rumbun nan dai, inda mahaifina ya taɓa ɓuya.

Na ce, "Ɗan mace, me ka yi haka?"

Ya ce, "Haba ɗan namiji, wasa ne fa. Kai da ba ka da aiki sai wasa, yau kai ke hana shi?"

Na ce, "Ni ne abokin wasanka. Ga ni. Ka zage ni, ka ce motata gwangwani ce, ka ce na tsufa ban tara komai ba. Shi kawunka ne. Yaushe aka fara wasa da kawu a kan gawar yayarsa?"

Ya ce, "To ƙarya na yi? Mai shinkafa a Dungas naira zai karɓa? Dole in san abin da ke hannuna. Jama'ar nan duk ni zan ciyar. Kuma su lokacin da tasu ke sama, ba su kira mu masu rabin kuɗi ba? Ka manta?"

Na ce, "Ban manta ba. Garin rogo ma ban manta ba. Ranar da kake lashe ƙwarya har hancinka, nawa naira take? Ka latsa wayar ta faɗa maka."

Ya mayar da wayar aljihu. Can ya ce, "Ba a yin zamani da ƙwarya yanzu."

Na ce, "Uwarka ta yi, har makon jiya."

Ban taɓa yi masa magana haka ba tun muna yara. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma. Ya juya ya koma wajen baƙinsa. Farantin dai bai ɗauke ba.

Na shiga ɗakin Gwaggo. Ƙwaryar na nan a ragaya, faifanta a kai, ba wanda ya taɓa. Mata cike da gida, ƴaƴanta, jikokinta, surukanta, kowa ya gan ta tana wannan abu shekara da shekaru, ba wadda ta ce a sauko da ita. Wannan ya fi maganar taubashina ƙona min rai. Shi ya yi wauta da baki. Sauran sun ɗauka abin nan halin tsufa ne kawai, irin na tsohuwa mai rigima, ya bi ta kabari. Suna ta mai haƙuri, mai haƙuri, alhali matar nan yaƙi ta yi, ita kaɗai, da manyan da ba ta taɓa gani ba. Su suna can suna cewa yau wannan ɗan'uwa ya fi wancan, gobe wancan ya fi wannan, ita tana nan da faifai tana cewa ba a gidana ba. Ta hana su shiga tsakanin ƙannenta har ta mutu. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba muka buɗe musu ƙofa da hannunmu.

Allah ya jiƙan Gwaggo. Allah ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa na dama da na hagu. Ya sa faɗan da ta yi mana ya zama nauyi a mizaninta, a wurin da ba a sauya launi, ba a rage daraja.

Da arba'in ta matso na ajiye kamyo na ƙetara wajen Baffa. Na same shi a ƙofar gida kan buzu, turken tunkiyar na gefe ba komai a jiki. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo fura, ya tambayi maiɗakina da yara, ya tambayi hanya, har ya tsokane ni wai cikina ya riga ni shigowa. Bai tambayi taubashina ba.

Na ce, "Baffa, arba'in ta zo. Na zo in tafi da kai."

Ya ce, "Ƙafa ta yi nauyi, ɗana."

Na ce, "A gaba za ka zauna, ba mai matse ka. Yaron nan kuma ya yi nadama, bakinsa ne ya fi shi sauri." Ban tabbata ba, amma na faɗa. Na ƙara da cewa, "In don abin sadaka ne, ka ba ni tun nan in canja maka a hanya, ka isa da sefa, ba mai cewa uffan."

Nan ya ɗago ya dube ni, kallon da ya sa na ji kamar ban kai in riƙe sitiyari ba.

Ya ce, "Naira nake ci, naira nake sha, da ita za a sayi likkafanina. In je gidan yayata da kuɗin aro kamar mai sa rigar wani? Ita ba ta taɓa cewa in canja ba. Abin da ke hannuna take karɓa."

Sai na ce masa na shiga ɗakinta, ƙwaryar na nan a ragaya da faifanta. Muka zauna, kaji na tone-tone a ƙarƙashin tsohuwar motar. Ya juya ludayi a cikin fura, ya juya, bai sha ba. Ya ce jikokinsa sun ce ba za su sake taka can ba, shi kuma bai ce musu e ba, bai ce a'a ba.

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin lungu, yana dogara sanda. Na ce, "To Baffa, me zan ce musu?"

Ya tsaya ya riƙe hannuna, ya ce, "Kai da ka shiga ɗakin, ka ce tana nan a ragaya. To in na zo, wa zai riƙe ƙwaryar?"